Haihuwar karnuka da maguna: abin da ya kamata mai gida ya sani

A shekarar 2012 da ta 2013 an yi gangamin yi wa karnuka allurar rigakafin ciwon hauka a Ndjamena, babban birnin Chadi. Hukumomin kiwo na ƙasar ne suka yi aikin, tare da wata cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi ta Suwizalan. A zagayen farko an yi wa karnuka fiye da 18,000 allura, a na biyu fiye da 22,000, kuma kowane zagaye ya kai ga kimanin kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin. Cutar ta lafa, har aka yi watanni a 2014 ba a tabbatar da mahaukacin kare ko ɗaya ba. Daga baya sai ta dawo.

Masu binciken sun danganta dawowar da shigowar karnuka masu cutar daga wajen gari. Sun kuma lura cewa kariyar da allura ta bayar tana raguwa da sauri, domin karnukan da aka yi wa suna mutuwa, ƴan kwikwiyon da ba a yi wa ba suna maye gurbinsu. Ke nan haihuwar karya a wani gida ta shafi lafiyar unguwa baki ɗaya.

A zangunan Hausawa daga Garwa zuwa Kumasi, ana ajiye kare don gadi ko farauta, ana ajiye kyanwa don ɓeraye. A manyan birane kamar Yamai, Duwala da Abidjan kuma an samu matasan da ke kiwon karnukan ƙasashen waje don sayarwa. Duk waɗannan suna buƙatar sanin yadda dabbobin ke haihuwa, cututtukan da ke biyo bayan haka, da hanyar taƙaita haihuwar ba tare da an cutar da dabba ba.

Lokacin da karya ke neman barbara

Yawancin karnuka mata kan fara neman barbara tsakanin wata 6 zuwa 12 da haihuwa. Ƙananan nau'i kan riga, manya kuma kan kai shekara ɗaya da rabi ko biyu. Daga nan abin kan dawo kusan sau biyu a shekara, wato bayan kowane wata 6 ko 7. Akwai nau'in da ya saɓa wa wannan: Basenji, karen da asalinsa yankin Kwango ne, sau ɗaya yake yi a shekara.

Alamar farko ita ce kumburin gaba da ɗigar jini. Wannan matakin kan ɗauki kimanin kwana 9. Karnuka maza za su riƙa taruwa a ƙofar gida, amma karyar ba ta yarda da su tukuna. Daga nan jinin kan ragu ko ya koma ruwa-ruwa, sai ta shiga mataki na biyu, shi ma kimanin kwana 9, wanda a cikinsa take karɓar namiji kuma take ɗaukar ciki.

A nan ne masu gida da yawa ke yin kuskure. Suna ɗaure karya muddin suna ganin jini, da ya ɗauke sai su sake ta, suna zaton abin ya wuce, alhali lokacin ne ya fi haɗari. Wanda ba ya son karyarsa ta yi ciki sai ya tsare ta mako 3 cur daga ranar da ya fara ganin alama, a wurin da namiji ba zai iya tsallakowa ba.

Idan an yi barbara, kare da karya kan manne da juna na wasu mintoci, wani lokaci har rabin awa. Haka halittarsu take: wani sashe na gaban namijin ne ke kumbura a ciki, sai ya saɓe da kansa. Jifa da duka da watsa ruwan zafi da yara kan yi don raba su na iya yaga jikin dabbobin biyu, kuma ba ya hana ciki. Maniyyin kare kan rayu kwanaki a cikin mahaifa, shi ya sa karyar da ta haɗu da maza biyu ko uku za ta iya haifar ƴaƴa masu uba daban-daban a haihuwa ɗaya.

Kyanwa ta bambanta

Kyanwa kan balaga da wuri, tun tana wata 4 zuwa 6, tana kama da ƴar ƙaramar mage a idon mai gida. Ba ta zubar da jini. Alamunta su ne kuka mai tsawo da dare, birgima a ƙasa, goga jiki da mutane, da ɗaga ƙugu idan an shafa bayanta. Wasu kan ɗauka ciwo ne ya kama ta. Wannan yanayi kan yi kusan mako guda, idan kuma ba ta haɗu da muzuru ba, ya dawo bayan mako 2 ko 3.

Barbarar ce kanta ke sa kyanwa ta saki ƙwai, don haka da wuya ta haɗu da muzuru ba ta yi ciki ba. Tsawon hasken rana ma yana da tasiri. A Turai maguna kan huta da hunturu saboda gajartar yini. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, inda yini da dare suke kusan daidai, kyanwa na iya neman muzuru a kowane wata na shekara. Tana kuma iya ɗaukar sabon ciki makonni kaɗan bayan ta haihu, tun ba ta yaye na baya ba. Idan ta haifi 4 sau uku, shekara ɗaya ta ba gida maguna 12, kuma matan cikin haihuwar farko sun isa haihuwa kafin shekarar ta ƙare.

Ciki da ranar haihuwa

Cikin karya kan yi kimanin kwana 63, na kyanwa kwana 63 zuwa 65. Likitan dabbobi na iya tabbatar da shi da na'urar hoton ciki tun daga kusan kwana 25. A makonni 5 na farko ba a buƙatar ƙara abinci sosai. Daga mako na 6 ne ƴaƴan ke girma da sauri, sai a riƙa ƙara abinci kaɗan-kaɗan, ana rabawa sau uku ko huɗu a yini domin ciki ya matse tumbi. Ragowar tuwo da ƙanzo ba su isa ba a wannan lokaci, dabbar na buƙatar nama, kifi ko dafaffen ƙwai. Mai shayarwa kuwa tana iya cin ninki biyu ko uku na abin da ta saba ci.

Mako guda kafin haihuwa a tanadi wuri mai inuwa, marar hayaniya, a shimfiɗa kwali ko tsumma mai tsabta. Zafin jikin kare lafiyayye yana tsakanin digiri 38 da 39. Idan ya sauka zuwa wajen 37, haihuwa na nan tafe cikin kwana guda. Karyar kan ƙi abinci, ta riƙa haƙi da tonon ƙasa.

Galibi uwa kan yi komai da kanta: ta fasa jakar da ɗan ya fito a ciki, ta lashe shi har ya numfasa, ta datse cibiya. Amma akwai alamun da ke nuna a nemi likita ba da jinkiri ba. Na ɗaya, nishi mai ƙarfi na minti 30 ba tare da ɗa ya fito ba. Na biyu, wucewar fiye da awa 2 zuwa 4 tsakanin ɗa da ɗa alhali akwai saura a ciki. Na uku, fitar ruwa kore ko baƙi kafin ɗan farko ya fito, domin yana nuna mabiyiya ta rabu da mahaifa. Allurar ƙara naƙuda da wasu kan saya a kanti su yi da kansu tana iya fasa mahaifa idan ɗa ya gicciye.

Nonon farko, wato dakashi, shi ne rigakafin jarirai na farko, kuma hanjinsu na iya ɗaukar kariyar da ke cikinsa ne a yinin farko kawai. A makonnin farko ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, don haka sanyin hunturu na kashe su da sauri idan an bar su a fili, haka ma zafin bazara a ƙarƙashin kwano. Idanunsu kan buɗe tsakanin kwana 10 da 14. Suna fara lasar abinci a mako na 3 ko na 4, amma bai kamata a raba su da uwa ba sai sun cika mako 8.

Tsutsar ciki kan bi ta mahaifa ko ta nono ta shiga ƴan kwikwiyo, shi ya sa ake fara ba su maganin tsutsa tun suna mako 2. Ƙwan wannan tsutsa na zama a ƙasar tsakar gida, inda yara ke wasa suna kai hannu baki. Ita kuma uwa mai shayar da ƴaƴa da yawa, musamman ƙaramar karya, idan ta fara rawar jiki da sandarewa, alama ce sinadarin kalsiyam ya yi ƙasa a jininta, kuma tana iya mutuwa cikin awoyi idan ba a kai ta asibiti ba.

Cututtukan da ke bin hanyar haihuwa

Mafi haɗari ga karyar da ta manyanta shi ne taruwar mugunya a mahaifa, wanda likitoci ke kira piyometira. Yakan bayyana mako 4 zuwa 8 bayan lokacin barbara, ko an yi barbarar ko ba a yi ba. Karyar kan yi kasala, ta ƙi abinci, ta riƙa shan ruwa da yawa da yawan fitsari. Wani lokaci mugunya mai wari na fita ta gaba. Wani lokaci bakin mahaifar a rufe yake, ba abin da ke fita sai ciki ya yi ta kumbura, har mai gida ya zaci ciki ne. Wannan na biyun ya fi saurin kisa. Maganin da aka fi dogara da shi shi ne tiyatar cire mahaifa. Kyanwa ma na kamuwa da shi.

Akwai kuma wani ciwon daji da ke yaɗuwa ta barbara, wanda ya yawaita a tsakanin karnukan da ke yawo a ƙasashe masu zafi, har da Afirka ta Yamma. Yakan fito a gaban kare ko karya kamar jan tsiro mai gurnani-gurnani, mai saurin zubar da jini. Abin mamaki game da shi shi ne ƙwayoyin ciwon ne kansu ke tashi daga jikin wani kare su dasu a jikin wani, kuma bincike ya nuna dukkansu sun samo asali ne daga kare ɗaya da ya rayu dubban shekaru da suka wuce. Yana warkewa da allurar vinkiristin da likita ke yi ta jijiya sau ɗaya a mako, galibi na mako 4 zuwa 6. Ba ya kama mutum.

Wadda ke kama mutum ita ce burusela ta karnuka. Tana sa ɓari a ƙarshen ciki, wajen kwana 45 zuwa 55, tana kumbura marainan namiji, tana hana haihuwa. Duk wanda zai kwashe abin da karya ta ɓarar ya sa safar hannu ko leda, ya binne shi da zurfi, ya wanke hannu da sabulu.

Ƙari a nono ma ya zama ruwan dare ga dabbar da ta tsufa ba a cire mata mahaifa ba. A karnuka kusan rabin irin wannan ƙari mugu ne, a maguna kuwa mafi yawansa mugu ne. Duk ƙululun da aka ji a nono a nuna wa likita tun yana ƙarami.

Mace mai juna biyu da ke zaune da kyanwa tana da nata abin kiyayewa. Ƙwayar cutar toksofilasma, wadda ke iya illata ɗan tayi, tana fita a kashin mage. Ba sai an kori kyanwar ba: wani ya riƙa kwashe kashin kullum, mai cikin ta wanke hannu bayan taɓa ƙasa, ta guji naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba, domin su ma hanyoyin kamuwa ne.

Masu kiwo don sayarwa

Kuɗin da ake samu a ƴan kwikwiyon karen Jamus, Rottweiler ko Boerboel na sa wasu su haɗa karya tun a nemanta na farko, su kuma maimaita a kowane zagaye. Karyar da ba ta gama girma ba ta fi shan wahalar naƙuda, ta fi yin watsi da ƴaƴa. Likitoci kan ba da shawarar a jira ta kusa shekara 2, a kuma riƙa ba ta hutu tsakanin haihuwa da haihuwa.

Matsala ta biyu ita ce haɗa dangi. Inda karnukan wani nau'i ba su da yawa a gari, sai a haɗa uba da ƴa, ko wa da ƙanwa. Sakamakon shi ne ƙarancin ƴaƴa, raunin jiki, da bayyanar cututtukan gado, kamar lalacewar gaɓar ƙugu da aka san karen Jamus da ita. Karnuka masu gajeren hanci da babban kai irin su buldog sau da yawa ba sa iya haihuwa sai da tiyata, kuma zafin Sahel na wahalar da numfashinsu. Karnukan gida, da na farauta irin Azawak na Buzaye, sun fi jure wannan yanayi nesa ba kusa ba. Mai saye ya nemi ganin uwar kwikwiyon da katin rigakafinsa kafin ya biya.

Hanyoyin taƙaita haihuwa

Hanyar da ta fi sauƙi a ido ita ce ta fi haɗari. Wasu kan sayi allura ko ƙwayar tsarin iyali ta mata su ba karya ko kyanwa. Sinadarin da ke cikinsu na hana neman barbara na ɗan lokaci, amma yana ƙara haɗarin mugunyar mahaifa, ƙarin nono da ciwon sukari. Idan kuma dabbar ta riga ta yi ciki, yana iya hana naƙuda zuwa, ƴaƴan su mutu a ciki. Haka nan farasitamol, da mutane ke ɗauka ba shi da illa, ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa.

Hanyar da ta tabbata ita ce tiyata a hannun likitan dabbobi, bayan allurar barci. Ga mace ana cire ƙwayayen haihuwa, galibi tare da mahaifa, a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Ga namiji fiɗiya ce, kuma ta fi sauƙi da araha. Ana iya yi wa mage tun daga wata 4 ko 5. Ƙananan karnuka wajen wata 6, manyan nau'i kuma an fi so a bari ƙashinsu ya gama girma, wajen shekara ɗaya ko fiye. Namijin da aka fiɗiye na iya yin ciki na wasu makonni bayan aikin, don haka a ci gaba da raba shi da mata. Dandaƙa irin ta gargajiya da ake yi wa bunsuru ba ta dace da kare ko muzuru ba.

Cewa sai karya ta haihu sau ɗaya kafin a yi mata aiki ba shi da tushe a likitance. Wadda aka yi wa tun da wuri ma ta fi tsira daga ƙarin nono, kuma wadda ba ta da mahaifa ba ta da mugunyar mahaifa. Masu tsoron cewa karen da aka fiɗiye zai daina gadi su sani cewa tsaron gida ɗabi'arsa ce da horonsa. Abin da ke raguwa shi ne yawon dare da faɗa a kan mata. Muzurun da aka fiɗiye kan rage fitsari a bango da faɗan da ke yaɗa cututtuka ta cizo. Dabbar da aka yi wa aiki na saurin ƙiba, sai a rage mata abinci kaɗan.

Ta fuskar addini, an san halaccin ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi ko gona. Malamai sun yi saɓani a kan fiɗiyar dabba, da yawa kuma sun halatta ta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar ba. Makiyaya sun daɗe da sanin taure. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne haramcin barin dabba ta mutu da yunwa, wanda shi ne makomar yawancin jariran da ake zubarwa a bola cikin kwali.

Alaƙar haihuwa da ciwon hauka

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samu. Yara ne suka fi ɗaukar kwikwiyo su yi wasa da shi, kuma ƙaramin cizo ko yakushi ba ya kai wa kunnen iyaye.

Hukumar da takwararta mai kula da lafiyar dabbobi sun sa 2030 a matsayin shekarar kawo ƙarshen mutuwar mutane daga wannan cuta. Ginshiƙin shirin shi ne yi wa kashi 70 cikin 100 na karnuka allura. Kashe karnuka da guba ba ya magance matsalar, domin waɗanda suka rage kan hayayyafa su cike gurbin, kuma guban na haɗawa da waɗanda aka riga aka yi wa rigakafi. Tiyata ba ta maye gurbin allura, amma tana rage yawan sabbin ƴan kwikwiyo, ta sa kariyar da aka samu ta daɗe.

Ga al'ummomin da ke zaune a bakin iyaka abin ya fi muhimmanci. Tsakanin Ndjamena da Kuseri ta Kamaru kogi ne kawai da gada, kuma kwikwiyon da aka ba ɗan uwa kyauta na iya tafiya ɗaruruwan kilomita a mota yana ɗauke da cutar da ba ta bayyana ba tukuna. Ana yi wa kwikwiyo da ɗan mage allurar hauka daga wata 3, a maimaita yadda likita ya rubuta a kati, kuma katin ya bi dabbar duk inda za a kai ta. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma ma'aikatun kiwo a ƙasashe da dama kan shirya rigakafi a wannan lokaci.

Idan kare ko kyanwa ta ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar don fara allura. Dabbar da ta yi cizon a tsare ta aƙalla kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. Allurar na aiki ne kafin alamun cutar su bayyana, domin da zarar sun fito, kusan babu mai tsira.